Adawa a Matsayin Laifin Baki: Harshe da Martanin Hukuma ga 'Yan Neman Sawaba a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi da na siyasa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan gwagwarmayar da aka yi a Arewacin Nijeriya tsakanin masu riƙe da mulki da masu neman a sauya tsarin zaman jama'a, musamman daga 1950 zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko a 1966. Galibin waɗannan rubuce-rubuce sun fi mayar da hankali ne a kan zaɓe da kujerun majalisa da ɗaurin da aka yi wa 'yan adawa. Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ta fuskar harshe. Abin da take son nunawa shi ne, mafi yawan matakan da hukuma ta ɗauka a kan 'yan neman sawaba matakai ne a kan magana, wato wa yake da ikon yin ta, a ina zai yi ta, da wace kalma, kuma a gaban wa. Ta haka ne aka mayar da saɓanin siyasa ya zama laifin baki, aka hukunta shi da sunan rashin ladabi.

Za a fara da matsalar sunan da ya dace da irin waɗannan ƙungiyoyi a Hausa, sannan a kawo taƙaitaccen tarihin rarrabuwar kan da aka samu. Daga nan za a duba kalmomin da 'yan adawa suka yi yaƙi da su, da hanyoyin da hukuma ta bi ta mayar da martani. A ƙarshe za a waiwayi abin da ya faru da kalmar "sawaba" a Jamhuriyar Nijar, da kuma yadda al'amarin ya ci gaba a Nijeriya bayan 1966.

2.0 Matsalar Suna

A harsunan Turai ana kiran masu neman rage tazara tsakanin mai shi da mara shi da sunan 'yan hagu, masu son a bar tsari yadda aka gada kuma 'yan dama. Wannan rabo ya samo asali ne daga yadda wakilai suka zazzauna a majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma suka zauna hagu da shi. Fassarar wannan kai tsaye ba ta zauna a Hausa ba, kuma dalilin a fili yake. Bahaushe ba ya cin abinci da hagu, ba ya miƙa wa babba abu da hagu, ba ya kuma karɓa da ita. Idan aka ce al'amari ya zo a bahagunce, ana nufin ya zo a karkace. Saboda haka ɗan siyasar da ya ce shi ɗan hagu ne a gaban taron Hausawa ya riga ya zagi kansa tun abokin hamayyarsa bai buɗe baki ba.

Hausa ta nemo wasu hanyoyi. Akwai "gurguzu", kalmar da take nufin yin abu a cuɗe gaba ɗaya ba tare da rarrabewa ba, wadda aka ɗora wa ma'anar tsarin tattalin arziki na mallakar bai ɗaya. Akwai "masu ra'ayin sauyi", waɗanda kishiyarsu su ne "'yan mazan jiya" ko "masu ra'ayin riƙau". Amma sunan da ya fi shiga bakin jama'a shi ne wanda masu gwagwarmayar suka raɗa wa kansu, wato "'yan neman sawaba". Da shi za a yi amfani a wannan maƙala.

3.0 Tushen Rarrabuwar Kai

Turawan Ingila sun mallaki Arewa ne ta hannun sarakuna. A ƙarƙashin wannan tsari, En'e ita ce hukumar da talaka ya sani. Ita take karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, tana da 'yan doka nata, da kotunan alƙalai, da gidajen yari. Razdan da Di'o suna can sama suna sa ido, amma hannun da yake taɓa talaka kullum na En'e ne.

A ƙarshen shekarun 1940 'yan bokon Arewa suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin ƙungiyar al'adu. Ba a daɗe ba sai ra'ayi ya rabu a cikinta. A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, suka kafa NEPU, wadda aka sani a Hausa da Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikin wannan shekara suka fitar da sanarwar manufofinsu, inda suka bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin rukuni biyu a ƙasar, wato masu cin moriyar En'e a gefe guda, da talakawa a ɗaya gefen. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, ta kuma zama mafakar sarakuna da ma'aikatan En'e. Malam Aminu Kano ya zama shugaban NEPU a 1953.

Wannan rabuwa ba ta tsaya a dandalin siyasa ba. Ta shiga kasuwa da masallaci da cikin gida, har ta raba wa da ƙane, ta taɓa aure da maƙwabtaka. Bugu da ƙari, ta haɗu da wata rabuwar da ta fi ta faɗi, wato ta Kudu da Arewa, wadda ta yi tsanani bayan da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Ikko a 1953, abin da ya kai ga rikicin Kano na watan Mayu na wannan shekara. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe, sai ta bai wa abokan hamayyarta makami, domin taken NPC shi ne Arewa ɗaya ce, jama'arta ma ɗaya ce. Duk wanda ya ce Arewa rukuni biyu ce, masu ci da waɗanda ake ci, to ana iya nuna shi a matsayin mai raba kan 'yan uwa don amfanin baƙi.

4.0 Kalmomin 'Yan Sawaba

NEPU ba ta da baitulmali, ba ta da 'yan doka. Jarinta magana ce, kuma ba ta ƙirƙiro sababbin kalmomi da yawa ba. Tsofaffin kalmomi ta ɗauka ta karkata ma'anarsu. Huɗu daga cikinsu sun isa misali.

4.1 Talaka

Wannan kalma tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce wanda ba shi da sarauta, wanda ake mulka. A wannan ma'ana babban attajiri ma talakan sarki ne. Ta biyu ita ce matalauci, wanda ba shi da abin hannu, kuma da wannan ma'ana ce kalmar ta shiga Yarabanci. Kafin zamanin jam'iyyu, "talakawa" suna ne da na sama yake kiran na ƙasa da shi, kamar a ce "talakawan hakimi wane". NEPU ta cire wannan mallaka, ta bar kalmar tsaye ita kaɗai, ta zama sunan wani rukunin jama'a mai buƙatu iri ɗaya. Harshen damon da ke cikin kalmar ya yi wa jam'iyyar amfani ƙwarai, domin ya ba ta damar haɗa manomi da tela da mahauci da ɗan koli da malamin zaure da attajirin da fada ta ƙi, duk a ƙarƙashin suna guda.

4.2 Sawaba

A maganar yau da kullum, sawaba tana nufin sauƙi, ko samun sarari bayan ƙunci. Wanda ya ce yana neman sawaba ya riga ya ce yana cikin wahala, ke nan akwai wanda ya sa shi a ciki. Kalmar ta zama take, ta zama gaisuwa tsakanin 'yan jam'iyya, ta kuma zama laƙabi, kamar yadda ta manne wa Hajiya Gambo Sawaba har ta rufe sunanta na yanka. NPC ta mayar da martani da nata taken, wato "salama". Idan aka jera kalmomin biyu za a ga dukkan muhawarar a taƙaice. Sawaba tana cewa akwai ciwo, a nemi magani. Salama tana cewa akwai zaman lafiya, kada a taɓa shi. Mai kiran salama ya mayar da mai kiran sawaba mai tayar da hankali ba tare da ya faɗa ba.

4.3 'Yanci

Ginin wannan kalma ya fito ne daga tushen da ya ba da "ɗa" da "'ya" da "'ya'ya", tare da ɗafa-ƙeyar -nci mai nuna hali ko matsayi, kamar a "malanci" da "sarakanci". Asalin ma'anarta ita ce matsayin ɗa, kishiyar bauta. Lokacin da aka fara maganar fita daga hannun Turawa, jam'iyyun biyu duk sun yi amfani da ita, amma kowa da inda ya dosa. Ga NPC, 'yanci shi ne mulkin kai, wato Bature ya tafi. Ga NEPU, tafiyar Bature rabin aiki ce, domin mutumin da ake sa wa aikin tilas a gonar hakimi, ko ake ɗaure shi ba tare da ya san laifinsa ba, bai zama ɗa ba tukuna. A ƙasar da tsofaffi suka ga bauta da idonsu, wannan kwatanci yana da kaifi.

4.4 Zalunci

Wannan kalma ce ta ɗaure gwagwarmayar da tarihin jihadi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da Malam Aminu Kano duk 'ya'yan gidan malanta ne, sun kuma san littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Malam Abdullahi na Gwandu, inda aka soki sarakunan Haɓe a kan haraji marar tushe da ƙwace da cin hanci. Da NEPU ta kira ayyukan En'e zalunci, tana tuhumar jikokin masu jihadi ne da aikata abin da kakanninsu suka yaƙa. Wannan tuhuma ta fi kowace zafi a kunnen fada, domin ta taɓa hujjar da mulkin kansa ya tsaya a kai.

5.0 Martanin Hukuma

Hukuma a nan tana nufin En'e, da Gwamnatin Jihar Arewa wadda NPC ta riƙe, da kuma Turawan mulki waɗanda suka mara wa tsarin baya har zuwa 1960. Martaninta ya bi hanyoyi da dama.

5.1 Sauya wa Ƙorafi Suna

Mataki na farko shi ne ƙin karɓar maganar a matsayin siyasa. A tarbiyyar Bahaushe, kunya da ladabi da biyayya su ne ma'aunin mutumin kirki. Na ƙasa yakan cire takalmi, ya durƙusa, ya ce "ranka ya daɗe" kafin ya faɗi buƙatarsa, kuma ba ya kama sunan babba gatsau. 'Yan sawaba da yawa sun ƙi faɗuwa gaisuwa da gangan, sun kuma ambaci masu sarauta da ayyukansu a bainar jama'a. Wannan ya ba hukuma damar kau da kai daga abin da aka faɗa, ta koma kan yadda aka faɗe shi. Sai ɗan NEPU ya zama fitsararre, mara kunya, wanda bai gaji arziki ba. Idan manomi ya ce hakimi ya ninka masa haraji, tambayar da ake yi ita ce wa ya ba shi bakin faɗa, maganar harajin kuwa ta bi ruwa.

An kuma yi amfani da kalmomin addini. Malaman da ke goyon bayan hukuma sun riƙa kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i wadda ta yi umurni da bin majiɓinta al'amari, suna kiran adawa fitina ko tawaye. Ƙawancen NEPU da jam'iyyar Kudu ya sa aka riƙa jifan 'ya'yanta da zargin haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba. Malaman NEPU kuma suka mayar da amsa da cewa babu biyayya ga mahaluki a cikin saɓon Mahalicci. Ta haka muhawarar haraji ta koma muhawarar tafsiri.

5.2 Izinin Lacca

Kalmar "lacca" aro ce daga Ingilishi, inda take nufin darasin da malami yake bayarwa, amma a Hausar siyasa ta zama sunan taron jam'iyya a fili. A ƙasar da mafi yawan jama'a ba su karanta boko ba, lacca ita ce jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta hukuma ce. Jaridar Comet da ake bugawa a Kano ta ba 'yan sawaba fili, amma ba ta isa ƙauyuka sosai ba. Ke nan wanda ya riƙe izinin lacca ya riƙe maƙogwaron adawa, kuma wannan izini yana hannun En'e. Ana iya hana shi da hujjar gudun tashin hankali, ko a jinkirta shi har ranar ta wuce, ko a ba da shi a wani fili da ke bayan gari. Wanda ya yi taro ba izini kuwa ya aikata laifi tun kafin a ji abin da ya faɗa.

5.3 Kotu da Gidan Yari

Kafin 1960, kotunan alƙalai ba su da rubutaccen kundin laifuffuka. Suna hukunci ne da fiƙihun Malikiyya, wanda ya bar wa alƙali da sarki sarari mai faɗi na ta'aziri. Lauya ba ya tsayawa a gabansu, kuma alƙalin ma'aikacin En'e ne, wato hukumar da ake ƙorafi a kanta. Laifuffukan da aka fi tuhumar 'yan sawaba da su na baki ne: zagi, ɓatanci, cin mutuncin sarki ko hakimi, da tayar da fitina. Hausa kuwa harshe ne mai yalwar habaici da zambo da gugar zana, inda ake iya sukar mutum ba a kama sunansa ba. Saboda haka shari'ar takan koma fassara, wato me mai magana yake nufi, kuma alƙali ne mai fassarar.

Akwai wani abin lura a nan game da kalmar "siyasa" ita kanta. A tsohuwar Hausa tana nufin lallashi da rangwame, kamar a ce "yi masa siyasa". A fiƙihu kuma tana nufin ikon da mai mulki yake da shi na yanke hukunci don kiyaye maslaha, kuma da wannan iko majalisun sarakuna suke shari'a. A zamanin jam'iyyu sai ta sami ma'ana ta uku, wato takarar neman mulki. Ɗan NEPU da aka gurfanar a gaban sarki ya yi siyasa ne a ma'ana ta uku, aka hukunta shi da siyasa a ma'ana ta biyu, ba a kuma yi masa siyasa a ma'ana ta farko ba.

Koke-koken da aka kai gaban Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958, da shawarar kwamitin masana shari'a na 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, sun kai ga rubuta kundin laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960, an kuma sanya haƙƙin faɗin albarkacin baki a tsarin mulki. Duk da haka ƙofar ba ta rufu ba. Sashe na 393 na sabon kundin, wanda ya yi magana a kan ƙarya mai cutarwa, ya yi ƙaurin suna wajen kama 'yan adawa, kuma kotunan da 'yan dokan sun ci gaba da zama a hannun En'e.

5.4 Yara, Mata da Waƙa

Waƙa tana zuwa inda lacca ba ta zuwa. Jam'iyyun biyu duk suna da mawaƙa da marubuta waƙoƙi, har ma akan yi muhawara da waƙa, kamar yadda Mudi Sipikin ya mayar wa Sa'adu Zungur da amsa a kan batun jumhuriya da mulukiya. Waƙar siyasa ba ta neman izini, kuma yara ne suka fi yaɗa ta a lungu da dandali. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa wadda ta hana ƙananan yara shiga harkar siyasa. An ƙalubalanci dokar a Babbar Kotu a 1960 da hujjar cewa ta saɓa wa haƙƙin magana da na taro, amma kotu ta tabbatar da ita. Hujjar hukuma ita ce kare tarbiyya, sai dai jam'iyyar da ta dogara da bakin jama'a ita dokar ta fi ƙuntata wa.

Game da mata kuwa, ba su da ƙuri'a a Arewa a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, sai a 1976 suka same ta. Macen da ta hau dandali ta yi lacca ta karya doka biyu a idon masu mulki, ta hukuma da ta al'ada. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rayu daga 1933 zuwa 2001, ta sha ɗauri sau da yawa, an kuma taɓa korar ta daga Kano. Sunayen da aka riƙa jifan matan NEPU da su ba su shafi ra'ayinsu ba, mutuncinsu na 'ya'ya mata aka nufa.

5.5 Sanda da Akwatin Zaɓe

Inda magana ta ƙi mutuwa, sai a koma ga sanda. A Kano, wajen 1953, aka sami ƙungiyar da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda aikinta shi ne tarwatsa taron 'yan sawaba. Sunan da kansa abin nazari ne, domin a shari'a mahaukaci ba shi da alhaki, an ɗauke masa alƙalami. NEPU ma ta kafa nata matasan masu kare taro, kuma a wannan zamani ne kalmar "'yan banga", wadda aro ce daga Ingilishi, ta zauna a Hausa.

Tsarin zaɓe shi ma ya taimaka. A 1951 an yi zaɓe ne hawa-hawa, kuma an ba En'e ikon cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma ba ta sami kujera ko ɗaya ba a Majalisar Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959 ta sami kujeru 8, ciki har da ta Malam Aminu Kano, NPC kuma ta sami 134. A zaɓen 1964 Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

6.0 Sawaba a Jamhuriyar Nijar

Kalmar sawaba ba ta tsaya a kan iyaka ba. A Nijar ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta dogara da ƙungiyoyin ƙwadago da ƙananan 'yan kasuwa da direbobi. Bakary ya shugabanci gwamnatin ƙasar daga 1957, amma da ya nemi jama'a su ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle a ranar 28 ga Satumba 1958, ya sha kaye, mulki ya koma hannun Hamani Diori. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Da aka toshe mata hanyar magana gaba ɗaya, sai ta ɗauki makami a 1964, aka murƙushe ta da kisa da ɗauri, kuma a 1965 aka yi yunƙurin kashe Diori da gurneti. Bambancin ƙasashen biyu yana da ma'ana. A Nijeriya an ƙuntata wa kalmar amma ba a haramta ta ba, domin tsarin tarayya ya bar wa NEPU ƙawaye a Kudu da kotunan ɗaukaka ƙara, ta kuwa tsaya a kan lacca da ƙuri'a. A Nijar, inda aka koma jam'iyya ɗaya, furta kalmar kansa ya zama haɗari.

7.0 Bayan 1966

Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966. A shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta. Da aka dawo siyasa, PRP ta gaji NEPU da taken "nasara", NPN kuma ta ɗauki "aminci", wanda ɗan uwan "salama" ne a ma'ana. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Jam'iyyar ta dare biyu, Hausa kuma ta raɗa wa ɓangarorin suna daga damina: 'yan taɓo, waɗanda suka kafe tare da Malam Aminu, da 'yan santsi, waɗanda suka zame. Majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a Yuni 1981. A ranar 10 ga Yuli 1981 rikici ya ɓarke a Kano a kan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, wadda aka ɗauka a matsayin cin mutunci, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A nan ma, lafazin takarda ne ya zama hujjar zubar da jini.

A fagen zanga-zanga kuwa, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa bayan boren Afrilu 1978, wanda aka kashe ɗalibai a cikinsa a Ikko da Zariya. A Afrilu 1980, a zamanin farar hula, 'yan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta a kan rikicin diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. A Mayu 1986 aka sake kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, aka kuma zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a ɗauke su aiki don shi ba. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malami a jami'ar, daga ƙasar, aka kuma haramta ƙungiyar malaman jami'o'i.

Abin da ya shafi masu nazarin harshe shi ne kalmomin da labarai suka isa kunnen Hausawa da su. Taro guda ana iya kiransa zanga-zanga, ko bore, ko tarzoma, kuma kowace kalma ta riga ta yanke hukunci. Mahalarta suna iya zama ɗalibai da manoma, ko su zama tsageru da ɓata-gari da 'yan tayar da zaune tsaye. Haka nan "tsattsauran ra'ayi" ta haɗa mai neman sauyi daga tushe da mai ɗaukar makami a suna guda, alhali ba ɗaya suke ba. Tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, an gurfanar da mutane a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, sai a watan Nuwamba aka sake yaran bayan jama'a sun yi ca.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa martanin hukuma ga 'yan neman sawaba ya ta'allaƙa ne a kan mallakar magana. An sauya wa ƙorafi suna ya zama rashin kunya ko fitina, an riƙe izinin lacca, an hukunta habaici, an hana yara waƙa, an kuma tura masu sanda inda duk waɗannan suka gaza. Ta fuskar zaɓe hukuma ta yi nasara, domin NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Ta fuskar harshe kuwa sakamakon ya sha bamban, domin ma'anar da 'yan sawaba suka ba "talaka" da "'yanci" da "zalunci" ita ce ta zauna, har ta kai kowace jam'iyya tana neman ƙuri'a da sunan talaka.

Akwai aiki biyu a gaban manazarta. Na farko shi ne tattara kalmomin siyasar wancan zamani daga jaridu da bayanan kotunan alƙalai da bakin dattawan da suka rage, a kwatanta su da takwarorinsu na Yarabanci da Ibo da Tibi da Kanuri. Na biyu ya shafi masu fassara a kafofin watsa labarai da kotuna. Mai fassarar da ya zaɓi "tarzoma" a inda "zanga-zanga" ta dace ya sa hannu a hukuncin da za a yanke wa mutane, ko ya sani ko bai sani ba, don haka wajibi ne koyar da fassara ya haɗa da tarihin irin waɗannan kalmomi.